Zuwa Maroko da Ƙananan Yara: Tsakanin Lungunan Fas da Bakin Teku



A shekarar 2024, baƙi miliyan 17.4 ne suka shiga ƙasar Maroko, adadin da ya sa ta zarce Masar, ta zama ta ɗaya a Afirka wajen karɓar masu yawon buɗe ido. A cikin wannan taro akwai namu. Wasu ziyara ce take kai su birnin Fas, zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a can a 1815. Wasu sari ne yake kai su, su kwaso jallabiyoyi da takalma. Wasu kuma, musamman matasan magidanta da Allah Ya hore wa, hutu suke zuwa yi da iyali. Jirgin Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Abuja da Yamai zuwa Kasablanka, tafiyar da ba ta wuce awa biyar ba. Abinci halal ne, masallaci yana ko'ina, mai Larabci ko Faransanci kuma ba zai rasa abokin magana ba.

A kan waɗannan na ƙarshe sharhinmu na yau zai tsaya, wato masu tafiya da yara 'yan shekara biyu zuwa bakwai ko takwas. Yadda aka saba tsara irin wannan tafiya shi ne maigida ya zauna da wayarsa ya jera birane: kwana ɗaya a Kasablanka, ɗaya a Rabat, biyu a Fas, biyu a Marakish, a dawo gida. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma daga Fas zuwa Marakish kaɗai, jirgin ƙasa yana cin fiye da awa shida, kuma kowane sauyin masauki yana nufin a naɗe kaya, a tashi yara daga barci, a nemi mota, a koya musu sabon ɗaki. Kafin a kai kwana na huɗu, ƙaramin ya fara rigima, babban ya daina kallon komai, uwa ta gaji, uba yana lissafin kuɗin da ya kashe yana jin haushi. Ra'ayina shi ne ƙafar mafi ƙanƙanta a cikin ayari ita ya kamata ta tsara tafiyar. A rage birane, a ƙara kwanaki a kowane wuri, kuma duk bayan tsohon birni a sauka wani ƙaramin gari na bakin teku a huta.

Bari mu fara da Fas, domin nan ne mutanenmu suka fi nufa, nan ne kuma aka fi shan wuya da yara. Tsohon birnin, wanda ake kira Fas al-Bali, ya haura shekara 1,200 da kafuwa, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 1981. Mota ba ta shiga cikinsa. Lunguna ne dubbai, wasu idan mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya jingina da bango, ga hawa da gangara, ga matakala. Jakuna da alfadarai da masu tura amalanke su ne suke shigar da kaya, daga tukunyar gas har buhun gari, kuma idan suka taho sai dai ka ji an daka tsawa, "Balak!" To, kafin a shiga ta ƙofar Bab Bujlud, a koya wa yaro cewa da ya ji wannan tsawa ya manne da bango.

Keken tura jarirai, wanda wasu suke saya musamman domin tafiya, a nan wahala yake ƙarawa, domin rabin lokaci ɗaukarsa za a yi. Zanin goyo ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. Amma kuma a nan ne nake da magana da magidanta. Sau da yawa za ka ga maigida yana gaba, waya a hannu yana ɗaukar hoto, maiɗakinsa tana baya da goyo, da jakar ruwa da kayan canji a kafaɗa, ga wani yaron riƙe da gefen mayafinta. Idan haka aka yi, mutum ɗaya ne ya je hutu, ɗayar aikin gida ta kai wata ƙasa. Alhaji, ka ɗora ɗan shekara ukun nan a wuya, ka karɓi jakar. Babu wanda ya san ka a Fas balle ya ce girmanka ya zube, ko a gida ma ba ya zubewa.

Me za a nuna wa yaro a birni irin wannan? Babba yana iya tsayawa a ƙofar Jami'ar Alƙarawiyyin a gaya masa cewa wata baiwar Allah, Fatima al-Fihriyya, ita ta kafa masallacin wurin a shekarar 859, ya jinjina kai. Ɗan shekara biyar bai san bambancin 859 da bara ba. Abin da yake kamawa shi ne abin da ya gani ana yi da hannu, ko ya ji da kunne, ko ya shaƙa da hanci. Ku kai shi dandalin Saffarin, inda maƙeran tagulla suke bugun tukwane da faranti tun safe. Ku bar shi ya tsaya ya ga yadda ake sara ƙananan tangaran masu launi ana jera su su zama zanen bango. Ku hau da shi benen masu sayar da kayan fata a leƙa majemar Shuwara, inda ake jiƙa fatu a ramukan farar ƙasa da kashin tattabaru kafin a tsoma su a rini. Wari kam akwai shi, shi ya sa ake miƙa wa baƙo ganyen na'ana'a ya riƙe a hanci, kuma wannan warin yana cikin abin da yaro zai daɗe yana ba da labari.

A nan ne uba zai samu ƙofar ba da tarihi ba tare da ya gundure kowa ba. Yaron da ya taɓa wucewa ta majema a Kano ko Sakkwato ko Zinder, ko ya leƙa marinar Ƙofar Mata, zai gane sana'ar nan take. Sai a gaya masa cewa fatun jajayen awakin ƙasar Sakkwato, waɗanda aka jeme a ƙasar Hausa, sun daɗe suna tsallaka Sahara a bayan raƙuma, kuma da suka isa Turai sai aka riƙa kiransu fatar Maroko, saboda ta tashoshin Arewacin Afirka suka fita. A gaya masa cewa wani mutumin Fas, Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, ya rubuta labarin Kano da Katsina da Zazzau da Agadas a littafin da aka buga a 1550. Ibn Battuta ma, wanda aka haifa a Tanja a 1304, ya kai Takedda a cikin Nijar ta yau a 1353, ya ambaci Gobir, sannan ya koma Fas inda aka rubuta labarin tafiye-tafiyensa. Jimla biyu ko uku sun isa. Idan yaron ya yi tambaya a ƙara masa, idan ya juya yana kallon kyanwa a ƙyale shi.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar bayani. Mutanen Maroko Malikawa ne, kuma da ruwayar Warshu suke karatun Alƙur'ani. A masallatai da yawa, bayan sallar magariba da ta asuba, jama'a suna zama su karanta izu guda tare da murya ɗaya. Yaron da yake zuwa makarantar allo idan ya zauna kusa da mahaifinsa a wannan zama, zai ji irin karatun da malaminsa yake biya masa, a bakin mutanen da ba ya jin yarensu. Minti goma a nan ya fi masa awa biyu a gidan tarihi. Haka ita ma ziyarar zawiya: a je da yara a lokacin da babu cunkoso, a gaya musu ladabin wurin tun daga masauki, kada kuma a tsawaita zama har su fara guje-guje a tsakanin masu zikiri.

Tsarin yini a irin wannan birni ba shi da wuya. A fita da sassafe, a ga abu ɗaya babba, ko biyu idan suna kusa da juna, a dawo masauki kafin azahar, a ci abinci a kwanta. Da la'asar a nemi fili. A Fas akwai lambun Jinan Sabil, mai tafki da inuwa, inda yaro zai saki hannun uwarsa ya yi gudu. Wanda ya hana yaro barcin rana domin a ƙara ganin wata madarasa, da daddare zai biya bashin.

Masauki ma abin dubawa ne. Yawancin baƙi suna son sauka a tsofaffin gidajen da ake kira riyad, masu tsakar gida da ƙaramin tafki a tsakiya, ɗakuna kuma suna kewaye. Suna da kyau ƙwarai, amma matakalarsu tsaye take, saman benen wani lokaci katangarsa gajera ce, tafkin kuma ba shi da shinge. Ga shi duk kukan da yaro ya yi, gidan gaba ɗaya zai ji. A tambaya tun kafin a biya ko suna karɓar yara, a nemi ɗakin ƙasa, a kuma zaɓi gidan da yake kusa da ƙofar gari inda mota take iya tsayawa. Maganar mota kuwa, ƙananan tasi na cikin gari, jajaye a Fas da Kasablanka, shuɗaye a Rabat, fasinja uku kawai doka ta yarda su ɗauka, kuma direbobi da yawa suna ƙirga yaro a cikin ukun. Iyalin mutum biyar sai dai su rabu biyu, ko su nemi babbar tasi.

Marakish ta fi Fas faɗi da hayaniya, kuma haɗarinta daban ne: babura suna kutsawa cikin lungunan kasuwa da gudu, don haka yaro ya kasance ta ɓangaren bango, babba ta ɓangaren hanya. Dandalin Jami'ul Fana da yamma yana cika da makaɗa da masu ba da labari da masu wasa da maciji da masu jan biri. Yara za su so tsayawa, amma duk hoton da aka ɗauka kuɗi ne, kuma a hana kowa ɗora wa yaro biri a kafaɗa, domin cizo ko yakushi na iya jawo zaryar asibiti. Haka karnuka da kyanwoyin titi, a kalle su daga nesa, saboda cutar haukan kare ba ta ƙare a ƙasar ba. Masu ƙunshi kuma suna iya kama hannun yarinya su fara zane kafin a yi ciniki. Baƙin lalle sau da yawa ana haɗa shi da sinadarin rina gashi mai ƙona fata, don haka uwa ta ce a'a kai tsaye.

Bayan kwana uku na irin wannan taka-tsantsan, kowa yana buƙatar wurin da zai sassauta. Daga Marakish, tafiyar kimanin awa uku a bas za ta kai ku Sawira, wadda Turawa suke rubutawa Essaouira. Sarki Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi ne ya gina ta a shekarun 1760 domin ta zama tashar jiragen ruwan kasuwanci, kuma ayarin da suka taso daga Timbuktu a nan suke sauke kaya. Titunanta a miƙe suke, ba hawa ba gangara, ga ganuwa mai jerin manyan bindigogin tagulla suna fuskantar teku. Da hantsi masunta suna shigowa da shuɗayen kwale-kwalensu, ana sauke kifin sadin, tsuntsayen teku suna shawagi suna wawura. Mutum zai zaɓi kifinsa a gasa masa nan take. Yaro zai iya yini a wannan tasha bai ce ya gaji ba. A garin ne kuma ake bikin kiɗan Gnawa kusan kowace shekara tun 1998. Gnawa jikokin bayin da aka kwaso daga kudancin Sahara ne, kuma har yau ana ambaton Hausa da Bambara da Fulani a waƙoƙinsu. Idan yaro ya kai shekara bakwai ko takwas, ya isa a gaya masa gaskiya cewa hanyar da fata da zinariya suka bi, mutane ma an kora su ta cikinta a ɗaure.

Sai dai Sawira garin iska ce. Tana kaɗawa da ƙarfi, musamman a watannin Yuli da Agusta, tana watsa yashi a ido, ruwan kuma da sanyi ko a tsakiyar zafi. Wanda yake so yaransa su shiga ruwa, Walidiyya ta fi masa. Ƙaramin gari ne tsakanin Jadida da Safi, inda duwatsu da tudun yashi suka tare igiyar teku suka bar wani tafki mai kwanciya, ana shiga ƙaramin jirgi a zaga a ga tsuntsaye. Wanda kuma ya tsaya a arewa, daga Fas zai iya nufar Asila, kudu da Tanja kaɗan. Turawan Fotugal sun kama ta a 1471, ganuwarsu tana nan har yau, kuma tun 1978 ake taron masu zane a garin, suna ƙawata fararen bangaye da hotuna masu launi. Garin ƙarami ne, yaro zai zaga shi da ƙafarsa. Daga Tanja kuma jirgin ƙasa mai gudu, Al Buraƙ, wanda aka ƙaddamar a 2018, yana kai wa kilomita 320 a awa, ya isa Kasablanka cikin awa biyu da 'yan mintoci. Ga yaro, shiga wannan jirgi kaɗai ya isa abin labari.

Masu saurare, a nan zan ɗan ja kunne. Yaron da ya tashi a Katsina ko Maraɗi bai san teku ba, sau da yawa iyayensa ma ba su iya iyo ba. Tekun Atlantika ba kogi ba ne. Ruwan yana janyewa ya dawo sau biyu a yini, wurin da kuka shimfiɗa tabarma da hantsi yana iya zama cikin ruwa da azahar. Akwai kuma igiyar da take ja ta ƙasa, wadda take iya kwashe ƙafar babba ma. A je bakin ruwan da yake da masu ceto, idan an ɗaga jan tuta kada kowa ya shiga, kuma a ware mutum ɗaya wanda aikinsa kallon yara ne kawai, ba waya, ba hira, har a karɓe shi. Rigar iyo ta roba da ake hurawa ba ta maye gurbin idon babba.

Ɓacewar yaro a kasuwa ita ce ɗaya fargabar. Kowace safiya a sa masa katin masauki da lambar waya a aljihu, a ɗauki hotonsa da kayan da ya sa a ranar, a kuma gaya masa cewa idan bai ga kowa ba ya shiga shagon da ya fi kusa ya tsaya, kada ya bi kowa nema. Mutanen Maroko suna son yara, za ku ga ana shafa kansu ana miƙo musu alewa, kuma wannan soyayya tana sauƙaƙa tafiya ƙwarai.

Abinci bai cika zama matsala ba. Akwai burodi a kowane ci, akwai miyar harira, da tajin na kaza da dankali, da kuskus ranar Juma'a, da lemon zaƙi da ake matsewa a gabanka. Amma mutanen can suna makara da cin abincin dare, don haka a ciyar da yara da wuri. A ba su ruwan gora, a rage musu shayin na'ana'a saboda yawan sukari da hana barci, a kuma tafi da gishirin haɗa ruwan zawo da maganin zazzaɓi na yara daga gida. Idan yaro ya yi zazzaɓi a can, a gaya wa likita daga ƙasar da aka fito, domin ya tuna da gwajin maleriya, cutar da ba su cika gani ba.

Sai lokacin tafiya. Dogon hutun makarantu a wajenmu yana faɗowa a watan Agusta, daidai lokacin da zafin Fas da Marakish yake haura digiri 40, bakin teku kuma ya cika da 'yan ƙasa da suka dawo hutu daga Turai. Idan dole sai a wannan lokaci, a ba teku kaso mafi yawa, a kama masauki da wuri. Hutun Disamba kuma sanyi ne da ruwan sama a arewa, tsofaffin gidajen nan da yawa ba su da abin ɗumama ɗaki. Hutun Afrilu shi ne ya fi dacewa. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, kowane yaro da fasfonsa, kuma idan uwa ko uba ɗaya ne zai yi tafiyar, ya riƙe takardar amincewar ɗayan da takardun haihuwa.

Na san akwai mai cewa, me ya sa za a kashe wannan dukiya a kan yaron da ba zai tuna ba? Tambaya ce mai nauyi, musamman yadda kuɗin jirgi ya zama a yanzu. Gaskiya ne ɗan shekara biyu ba zai riƙe komai ba, kuma idan ziyara ko sari ne ainihin abin da ya kai ku, babu laifi a bar shi wajen kakarsa. Amma daga shekara biyar zuwa sama yaro yana riƙewa, kuma abin da yake riƙewa ya danganta da yadda aka tafi da shi. Wanda aka ja shi birni huɗu a mako guda zai tuna zafi da tsawa da ciwon ƙafa. Wanda aka ba shi lokaci zai dawo da tambayoyi: me ya sa ruwan teku yake da gishiri, yaya raƙumi yake kai fata har can, me ya sa karatunsu irin namu ne. Kuɗin jirgin ɗaya ne a duka biyun.

Don haka mai kwana goma a hannu ya zaɓi birni ɗaya da garin teku ɗaya, Fas da Asila, ko Marakish da Sawira, ya bar sauran sai wani jiƙon. Kafin ranar tashi kuma ya gwada ƙafar yaransa a gida: ya kai su Gidan Makama ko Kasuwar Kurmi, ko Hasumiyar Gobarau, ko fadar Damagaram, ya ga minti nawa suke yi kafin su ce a ɗauke su. Da wannan ma'auni zai tsara kwanakinsa a Maroko.

A nan za mu dakata. Allah Ya raya mana zuriya, Ya kai matafiya lafiya Ya dawo da su lafiya.